Ranar da Rafi'u Ya Tashi Akun Kafili

A shagon ɗinkin jallabiya na Abdulmohsen da ke bayan Bab Makka a Jidda ba a kunna rediyo, saboda akwai Rafi'u. Aikinsa guga ne da ɗinka maɓalli, amma in ka zauna kusa da shi daga hantsi zuwa azahar, za ka tashi da sanin cewa ya taɓa tuƙa jirgin ruwa a kogin Nilu, ya taɓa cire wa raƙumi haƙori, kuma likitan da ya duba shi lokacin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, sai da ya nemi shawararsa a kan ciwon baya. Bahaushe ne daga Mai Wurno ta Sudan, dogo siriri, mai gashin baki da yake ji da shi kamar gonar gado. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Bakinsa ne kawai yake riga hankalinsa fita daga gida.

Abin da ke ci masa rai a lokacin shi ne sabon shago. Abdulmohsen, wanda shi ne mai shagon kuma kafilinsu da ya tsaya musu a takardun zama, ya kama wuri a unguwar Ammariyya zai buɗe reshe, ya ce cikin yaransa biyu ɗaya zai ba mabuɗi: ko Rafi'u, ko Mustafa tela. Wanda ya samu shi zai zauna a gaba, tef rataye a wuya, yana auna mutane ana ce masa mu'allim. Rafi'u ya gaji da tururin guga, ya gaji da tsayuwa a lungu har ƙafa ta kumbura. Yana son mabuɗin nan kamar ransa.

Wata safiya Abdulmohsen ya shigo fuska a ɗaure, ya zauna yana sosa ƙeya. Za a yi bikin 'yar ƙaninsa a Abha, amma matarsa Nuha ta ce ko nan da ƙofa ba za ta je ba sai an samu mai kula da Gutna.

"Wace ce Gutna, ya Ammi?" in ji Mustafa. "Ban ji an yi haihuwa ba."

"Da haihuwa ce ai da sauƙi. Aku ce, irin fararen nan masu tukku rawaya da ake kira kukatu. Matata ta fi sonta a kaina."

Rafi'u ya jingine dutsen guga, ya fito yana gyara gashin baki.

"Tsuntsu, ya Ammi? Tsuntsu ne ya hana ka sukuni ina raye? A Mai Wurno Sarkin Tattabaru ake kira na. Tattabarar da na kiwata, ka kai ta bakin teku ka sake ta, kafin ka dawo ta riga ka gida, ta sha ruwa, ta yi ƙwai."

Mustafa, da yake unguwarsu ɗaya tun suna yara, ko ɗago kai bai yi daga kan keke ba.

"Ni dai biyu na sani. Ɗaya kyanwa ta cinye, ɗaya ta koma gidan maƙwabci."

"Aro na ba shi."

"Har yau bai dawo da ita ba?"

"Ba na bin talaka da magana."

Abdulmohsen ya ce, "Rafi'u, wannan fa ba tattabara ba ce."

"Tana da fiffike? Tana da baki? Halas, tattabara ce da ta samu wuri."

Abdulmohsen ya daɗe yana kallonsa. Ba shi da wani zaɓi, don kowa ya gudu daga ɗawainiyar tsuntsuwar nan. Ya ce, "Tayyib. Wanda ya riƙe min amana mai rai, ba zan ji tsoron ba shi amanar da ba ta numfashi ba."

A kunnen Rafi'u, wannan magana ƙarar mabuɗi ce.

Da yamma ya karɓo keji, ƙato kamar akwatin lefe, ya tare tasi. Gutna tana zaune tsit, fara sol, tana kallonsa da ido ɗaya. Yana cikin faɗa wa direba cewa tsuntsu shi kansa ya san hannun gwani, sai ta miƙe tukku ta ƙwala wata irin ƙara da ta sa direban ya taka birki yana kalmar shahada. Ya sauke su nan take, ya ce ko riyal ɗaya ba ya so, shi dai a bar masa kunnensa. Haka Rafi'u ya ratsa lungunan Balad, tsohuwar unguwar Jidda, da ƙafa, keji a ka, gumi har cikin takalmi, yana ce wa duk wanda ya tambaya ai tsuntsu ba ya son mota, da gangan ya sauka.

Yana haya a saman wani tsohon gida na Baba Muktar, dattijo Bahaushe haifaffen Jidda, wanda Hausarsa ke ɗingishi sai ta dogara da Larabci. Abin alfaharin gidan shi ne roshan, wato tagar nan ta katako mai sassaƙa da ke leƙo titi. Baba Muktar ya fi yi mata sannu a kan 'yan haya.

Matar Rafi'u, Barakatu, ta tsaya a ƙofa hannu a ƙugu.

"Abu Ihsan, wannan kuma mene ne?"

"Mabuɗin Ammariyya ne, ya zo da gashinsa."

Kafin ya zauna, wayarsa ta fara kuka. Nuha ce ta jero saƙonnin murya, dogaye, kan yadda ake kula da Gutna. Ya kunna na farko. Kada a yi turaren wuta a kusa da ita, hayaƙi yana kashe su. Kada a ba ta gahawa ko cakulan. A riƙa fesa mata ruwa ta yi wanka. A ba ta guntun itace ta riƙa ɓantara, in ba haka ba za ta nemi nata da kanta. A zauna da ita a yi mata hira, don ba ta jure kaɗaici. Kuma ƙofar kejin...

Rafi'u ya katse, ya goge saƙonnin kakaf.

"Me ya sa ka goge?" in ji Barakatu. "Ba ta gama ba."

"Ana koya wa kifi iyo? Waɗannan abubuwan a littafi suka karanta. Ni a jini na gada."

"To ni dai na ji zancen turare, kuma ka ja min. Gidan da ba turare ai kango ne."

Duk da mitar da ta yi, ta kwashe kaskon turarenta ta kai ƙarƙashin gado.

A ilimin Rafi'u, tsuntsu ba ya zama naka sai ya ci daga bakinka, yadda masu tattabaru ke ciyar da 'yan shila. Washegari ya cika baki da gero, ya buɗe keji, ya turo leɓe yana guɗa irin ta tattabara. Gutna ta karkata kai, ta matso a hankali kamar mai ladabi. Ba ta kula geron ba. Leɓen ta kama, da rabin gashin baki.

Ihun da ya yi ya fi na tsuntsuwar, abin da har yau mutanen lungun suke gardama a kai. Gero ya watsu ko'ina. Da kyar Barakatu ta lallashi Gutna da guntun tuffa ta saki. Leɓe ya kumbura suntum, gashin baki ya koma gefe guda kamar gonar da aka yi wa rabin shara.

A shago Mustafa ya dube shi sama da ƙasa.

"Subhanallahi. Sarki, wa ya taɓa fada?"

"Zanzaro ne."

"Zanzaron Balad har aski yake yi?"

"Kai dai ka ji da kekenka."

Kwana bai yi nisa ba sai Nuha ta aiko tana son hoto. Rafi'u ya lura tukkun Gutna yakan kwanta in tana hutawa, shi kuwa a ganinsa tsuntsuwar da ke hannun gwani bai kamata tukkunta ya kwanta ba. Ya tuna an ce a fesa mata ruwa. Sai ya zo da kwalbar feshinsa ta shago, wadda yake jiƙa sitacin wuyan jallabiya a ciki, ya feshe ta daga tukku har wutsiya. Tukku kuwa ya tsaya ƙyam. Matsalar ita ce sauran gashin ma ya tsaya, kowane ɗaya ya kama gabansa, har Gutna ta koma kamar tsintsiyar da aka wanke aka shanya. Ta yi ƙoƙarin kwantar da tukkun ya ƙi. Ta sa ihu tun daga la'asar, maƙwabta suka fito suna tambaya ko yanka wani ake yi a sama.

Barakatu ta fizge kwalbar.

"Abu Ihsan, tsuntsuwa ka sa wa sitaci? Saura ka ɗora mata dutsen guga!"

"Ba ki san ado ba. A Turai haka ake yi."

"A Turai wa ka sani?"

Ita ta zauna da ruwa mai ɗumi ta wanke Gutna gashi bayan gashi, tana yi mata waƙar da take yi wa 'yarta Ihsan lokacin tana jaririya. Daga ranar tsuntsuwar ta yanke hukunci. In Barakatu ta shigo, sai ta sunkuyar da kai a sosa mata. In Rafi'u ne, sai ta buɗe fiffike tana huci kamar kububuwa.

Abin da Nuha ba ta samu ta ƙarasa faɗa ba game da ƙofar keji, Gutna ta ƙarasa shi a aikace. Ran nan Barakatu ta je kasuwa, Rafi'u yana shago, tsuntsuwar ta zare sakata da baki ta fito yawo. Ta ciro maɓallan jallabiyar Juma'ar Rafi'u ɗaya bayan ɗaya, ta tsinke madannan rimot ɗin mukayyif mai sanyaya ɗaki, sannan ta gano roshan. Ba wanda ya ba ta itace, ga kuma itace har bango guda.

Da Rafi'u ya dawo ya tarar da rami a tsakiyar sassaƙar, wanda kan mutum zai shiga. Ya yanko kwali ya toshe, ya shafe shi da man takalmi ruwan ƙasa, ya ja baya ya yaba wa kansa. Washegari da safe Baba Muktar yana zaune a ƙofar gida da kofin shayi, ɓaraguzan kwali suka fara zubo masa a ka. Ya ɗaga ido, ya ga farin kai mai tukku ya leƙo ta cikin tagar kakansa yana kallonsa.

"Ya Rafi'u! Inzil! Sauko yanzu!"

Rafi'u ya sauko yana murmushi da rabin gashin baki.

"Baba, ina kwana?"

"Babu kwana! Esh hada? Roshan ɗin nan ya girmi ubanka, ya girmi uban ubanka. Ruwa bai ci shi ba, gara ba ta ci shi ba, sai kazarka?"

"Ba kaza ba ce, Baba. Kuma in ka duba da kyau, iska ta fi shiga yanzu."

"Wallahi kai ma iska za ta fi shigarka in na watso kayanka titi!"

Sai da Barakatu ta sauko ta durƙusa ta ba da haƙuri, ta yi alkawarin za a kira kafinta, sannan dattijon ya koma kan shayinsa yana tsince kwali daga ciki. Ita ce kuma ta samo wa Gutna guntayen itace, ta ɗaure sakatar keji da waya. Gida ya ɗan lafa. Da Rafi'u mai barin abin da ya lafa ne, da labarin ya ƙare a nan, da wataƙila yau shi ke rataye da tef a Ammariyya.

Amma Mustafa ya sa masa ƙaimi. Suna cin abincin rana ya ce, "Na ji an ce tsuntsuwa ta yi ƙiba. Allah ya saka wa Ummu Ihsan. In Ammi ya dawo sai a gaya masa ya ba ta mabuɗin."

Maganar ta soki Rafi'u har ƙashi, don ya san gaskiya ce.

"Ciyarwa ai aikin kowa ne," in ji shi. "Horo shi ne aikin sarki. Ranar Juma'a bayan la'asar ka zo saman gidanmu da wayarka. Zan tashe ta sama, ta zaga Balad, in tafa hannu ta dawo ta sauka a kafaɗata. Ka ɗauka mu aika wa Ammi."

"Kafaɗar taka ko leɓen?"

"Ka dai zo."

Da Barakatu ta ji, ta ajiye ludayi.

"Abu Ihsan, ka rufa mana asiri. Tsuntsuwar nan a falo ta girma. Ba ta san gidanmu daga sama ba."

"Ta ci geronmu, ta sha ruwanmu, ta kwana a ƙarƙashin rufinmu. A dokar tattabaru ta zama 'yar gida."

"Dokar tattabaru ta shafi tattabaru."

"Mata ba ku san sirrin tsuntsu ba."

Kafin Juma'a ya gayyaci duk wanda ya gaisa da shi. Bayan la'asar rufin gidan ya cika: teloli, mai shayi, masu dako biyu, har Baba Muktar ya hau da sandarsa, ya ce yana so ya ga tafiyar kazar da idonsa. Rafi'u ya fito cikin jallabiyar da ya sake wa maɓallai, fara ƙal, guga kamar takarda. Ya riƙe doguwar gora da ya ɗaura wa jan tsumma, irin wadda masu tattabaru ke kaɗawa. Ya buɗe keji ya ja baya.

"Yalla, bismillah. Tashi!"

Gutna ta fito, ta dubi sama, ta dubi jama'a, sannan ta taka da ƙafa, tinƙis-tinƙis, ta nufi inda Barakatu ke tsaye.

"Masha Allah," in ji Mustafa yana ɗauka. "Ta zaga Balad a ƙasa."

Aka kwashe da dariya. Kunya ta kama Rafi'u, ya ɗaga gorar nan ya kaɗa jan tsumma a kan tsuntsuwar yana ihu. Gutna ba ta taɓa ganin abu mai ban tsoro irin wannan ba. Ta yi ƙara, ta buga fiffike, ta haye sama a karkace, iskar teku ta ɗebe ta ta yi gabas da ita.

Rafi'u ya gyara tsayuwa, ya miƙa kafaɗa, ya tafa. Ya sake tafawa. Ya tafa har tafinsa ya yi ja. Farin ɗigon ya ƙanƙance a bayan gidaje ya ɓace.

"Zagaye take yi," in ji shi, amma muryar ta sirance.

"Fi amanillah," in ji Baba Muktar yana ɗaga mata sanda.

Barakatu ce ta fara gangarawa da gudu. Rafi'u ya bi ta da keji, jama'a suka bi Rafi'u. Ba su sha wahalar nema ba, don kukan Gutna ana jinsa daga unguwa guda. Suka same ta a kan wani dogon ƙarfen fitilar titi a bakin kasuwar Bab Makka, daidai lokacin da kasuwar yamma ke cika. Masu atamfa, masu dabino, baƙi 'yan Umara da ledojinsu, kowa ya ɗaga kai, kowa ya zaro waya.

Ganin taro, sai ƙarfin Rafi'u ya dawo.

"Ku ja baya! Ku ba gwani wuri!"

Ya sayi gero a wurin mai hatsi, ya zuba a gwangwanin madara, sauran ya cika aljihu. Ya tsaya a tsakiyar fili ya fara kaɗa gwangwani, kacau-kacau, yana fito yana guɗa, yadda ake kiran tattabaru a Mai Wurno. A nan dole in yi masa adalci: kiran ya yi kyau, kuma an amsa. Duk wata tattabara da ke kwana a kan ganuwa da rufin shagunan Bab Makka ta ji, ta kuma taho da danginta.

Sama ta yi duhu. Suka sauka a kansa, a kafaɗunsa, a kan gwangwanin, wasu suka cusa kai cikin aljihu. Ya yi tsalle, gero ya zube masa a wuya, suka bi geron. Ya ruga, suka bi shi, ya faɗa kan tiren wani mai sayar da dafaffen wake, wake ya watse, tattabaru suka ƙaru. Mai wake ya biyo shi da ludayi yana zagi da Larabci. Farar jallabiyar nan kuwa, kada ka so ka ga abin da tattabaru masu farin ciki suka yi mata. A can sama Gutna ta miƙe tukku tana rawa, tana kaɗa kai sama da ƙasa.

"Sarki ya haɗu da talakawansa!" in ji Mustafa, hawaye na zuba don dariya.

Barakatu ce kaɗai ba ta dariya. Ta kutsa cikin tattabaru ta kamo hannun mijinta ta nuna masa sama. Hankaki uku sun sauka a kan wayar da ke kusa da fitilar, wasu suna shawagi. Ɗaya ya kai wa Gutna sura, ta goce da kyar, ta daina rawa, ta takure jikin ƙarfe tana kyarma. Barakatu ta kira ta, ta miƙa tuffa, ta yi mata waƙar nan. Tsuntsuwar ta leƙo, amma tsoro ya hana ta motsi. Rana kuma ta yi ƙasa.

"Abu Ihsan, muryar uwar ɗakinta kawai za ta sauko da ita. Kunna saƙon nan."

Rafi'u ya sunkuyar da kai. "Na goge."

"To kira ta. Ta bidiyo, ta gan ta, ta yi mata magana."

"Ummu Ihsan, in na kira, Ammi zai gani. Mabuɗi ya tafi ke nan."

"In ba ka kira ba, hankaki za su cinye amanar mutane a gaban idonka."

Ya dubi wayar, ya dubi sama. Zuciyarsa ta yi masa nauyi, don ya san tsawon shekarun da ya yi yana jiran wannan dama, ya kuma san da hannunsa zai mayar da ita. Hankaka ya sake kai sura, farin gashi guda ya faɗo yana lilo. Rafi'u ya danna kira.

Abdulmohsen ya ɗauka daga wurin biki, ana jin kiɗa a bayansa. Abin da ya gani shi ne fuskar mai gugarsa, rabin gashin baki, kashin tsuntsu a goshi, tattabara guda zaune daram a kansa.

"Rafi'u? Kana ina? Mene ne wannan a kanka?"

"Ya Ammi, lafiya ƙalau, komai yana tafiya daidai. Sai dai... don Allah ba uwargida, Ummu Nawaf, waya."

"Ina Gutna?"

Rafi'u ya juya wayar ya nuna saman fitila. Salatin da Nuha ta yi sai da ya fito ta lasifika har mai wake ya sauke ludayi. Barakatu ta karɓi wayar ta ƙure murya ta ɗaga sama, jama'a suka yi tsit kamar an shiga salla.

"Gutna! Ya ruhi, ta'ali! Zo, 'yar Mama, zo!"

Tukku ya miƙe. Tsuntsuwar ta amsa da wata ƙaramar murya da ba wanda ya taɓa ji daga bakinta. Ba ta tashi ba. Ta juya ta kama ƙarfen da baki da ƙafa ta fara gangarowa da baya, sannu-sannu, kamar tsohuwa a kan tsani. Da ta kawo daidai kan mutane ta yi tsalle ta faɗa kafaɗar Barakatu, ta cusa kai cikin mayafinta. Kasuwa ta ɗauki tafi da kabbara.

Rafi'u ya buɗe baki zai ce dama haka ya tsara, sai muryar Abdulmohsen ta fito daga wayar, a sanyaye.

"Mustafa yana nan?"

"Ga ni, ya Ammi."

"Ka buɗe aljihun teburina na ƙasa, mabuɗin Ammariyya yana ciki. Ka fara share wurin, ina dawowa mu buɗe. Ummu Ihsan, Allah ya saka miki da alheri, tsuntsuwa tana hannunki har mu zo. Rafi'u..."

"Na'am, ya Ammi."

"Ka je ka yi wanka."

A gaban duk Bab Makka aka faɗi wannan. Ba wanda ya yi dariya sosai, abin da ya fi dariyar ciwo. Barakatu ta yi gaba da Gutna a kafaɗa, Rafi'u ya bi ta a baya da keji babu kowa a ciki, wasu tattabaru masu naci suna rakiyarsa har bakin lungu.

Ana gobe za a buɗe sabon shago, Mustafa ya leƙo lungun guga riƙe da sabuwar jallabiya da ya ɗinka wa kansa. Yau babu tsokana a bakinsa. Ya tsaya yana juya ta a hannu.

"Rafi'u, in ba za ka ji haushi ba... ita zan sa gobe. Ba na so kowa ya taɓa ta sai kai."

Rafi'u ya dube shi, ya dubi rigar. Haushi kam ya ji. Ya karɓa, ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya gwada zafin dutse da yatsa mai yawu, ya fesa sitaci a wuya daidai gwargwado. Ya bi hannu, ya bi kafaɗa, ya fitar da kari tun daga ƙirji har ƙasa, miƙaƙƙe ba ko lanƙwasa. Bai ce ya taɓa yi wa wani sarki guga ba. Duk Jidda babu mai gugar da ta kai tasa, kuma ita kaɗai ce bai taɓa tunanin ta isa a yi alfahari da ita ba.

Ya rataye rigar, ya sa mata leda, ya miƙa.

"Mabruk, mu'allim," in ji shi. "Kada ka zauna a kanta cikin tasi."